Sun ce 'yata juya ce don an haife ta tare da namiji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah ka ɓoye sunana. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga makarantar manya, amma wannan magana ba zan iya ba wani ya rubuta mini ba. Shawararku nake roƙo, don kaina ya kulle.

Ni mahauci ne a Garoua. 'Ya'yana na fari tagwaye ne, Hassan da Husaina, yanzu sun kai shekara ashirin. Wani yaro mai hankali yana neman Husaina, ita ma tana son sa, har an kawo gaisuwa. Mahaifinsa Bafulatani ne mai shanu daga Touboro, mun daɗe muna ciniki da shi. Ranar da ya ji cewa ita tagwaye ce da namiji sai ya same ni a kasuwa, ya ja ni gefe. Ya ce duk saniyar da ta haifi biyu, mace da namiji, macen ba ta taɓa haihuwa, tun tana karsana suke sayar wa mahauta. Ya ce ai ni shaida ne. Kuma gaskiya ne, na sha yanka irinsu, in ka buɗe cikin ba ka ganin mahaifar kirki.

Ban yi fushi ba, na je wurin likitan dabbobin da ke duba mana nama. Ya yi dariya, ya ce a shanu jinin tagwaye yana haɗuwa tun a ciki, sinadarin namijin ya shiga jikin macen ya hana mahaifarta girma, amma a mutane kowa da mabiyiyarsa, hakan ba ya faruwa. Na koma na gaya wa dattijon a gaban mutane, har na ce 'yata lafiyarta ƙalau, in yana so a kai ta asibiti a gwada.

Da na ba uwarta labari sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Malam, da ka tambaye ni kafin ka yi wannan cika baki." Ashe Husaina ba ta taɓa ganin al'ada ba. Uwar tana ta ba ta jiƙe-jiƙe a ɓoye, tana cewa ƙaramin jiki ne, za ta zo.

Na kai ta asibiti da kaina. Aka yi ekografi, wato hoton ciki, aka ɗebi jini. Likitar ta ce mahaifa tana nan amma ƙarama ce kamar ta yarinya, domin saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa jiki ya balaga bai taɓa zuwa ba. Sai ta tambaye ta ko tana jin ƙanshi. Ta ce ba ta taɓa ji ba. Tun tana ƙarama miya ke ƙonewa a gabanta ba ta sani ba, muna ta yi mata faɗa muna cewa sakarci ne. Likitar ta ce abu ne da ake gado, ba ruwansa da zama tagwaye. Nan na tuna gwaggona, ƙanwar babana, wadda ba ta bambanta turare da ruwa, aure uku ta yi ba ta yi ko ɓari ba. Kenan ta wajena abin ya zo. Likitar ta ce akwai magani, al'ada za ta iya zuwa, ciki ma ana samu da allurai, amma sai an daɗe ana yi, kuma ba ta yi mini alkawari ba.

Yanzu dattijon ya aiko yana tambayar sakamakon gwajin da ni na ce a yi. In na faɗi gaskiya ba zai saurari zancen ƙwaƙwalwa da ƙanshi ba, cewa zai yi ai ya faɗa. Maganar za ta zaga kasuwa, ba wannan auren kaɗai za ta rasa ba. Uwarta ta ce in ce mahaifa tana nan in yi shiru, ai ba ƙarya ba ce. Amma yaron shi kaɗai ne namiji a gidansu, kuma ina jin tsoron Allah. Na yi tunanin in kira yaron shi kaɗai mu je wurin likitar, sai dai ban san ko zai iya riƙe maganar a gaban ubansa ba.

Ita Husaina ba ta yi kuka a gabana ba. Da muka fito daga asibiti ta ce, "Baba, duk yadda ka yi daidai ne. Amma in za a fasa, kada ka bari su ce irin karsanar da kake yankawa ce ni."

Don Allah masu ilimin likita da na addini, da duk wadda ta sha wannan magani ta haihu, ku ba ni shawara. Wa zan fara gaya wa, yaron ko ubansa? Ko in yi shiru har maganin ya fara aiki? Ranar kasuwar shanu mai zuwa dattijon zai shigo gari, kuma rumfata zai fara tsayawa.