Tayoyi Biyu Ba Su Isa Ba

Erzurum, 9 ga Janairu

Ƙanwata Rudaina,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna?

Shekara goma, da digirina na injiniya, ina kwance taya a shagon Nejati, bakina gum. Jiya na buɗe bakin! Wani likita ya kawo ƙatuwar jif. Tayoyin tafiya kan ƙanƙara biyu kacal suka rage mana, Nejati zai ɗaura masa su a gaba. Na ce, "Likita, da biyu, bayan motar zai riga gabanta sauka gangare."

Nejati ya ce, "Farfesan faci ya fara darasi."

Da kaina na kai likitan shagon maƙwabci, ya sayi huɗu. Har yanzu murmushi nake.

Ki ce wa Inna ina lafiya, ɗakina ba laifi. Aikin ne dai na rasa.

Yayanki,
Mudar