Jaridar Ofis da Takardar Tsire

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishinmu na ajiyar kaya, Maiduguri.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin kuma? Allah Ya ƙara wa idon nan sauƙi, Ya sa kaffara ne, amin.

Ni ne Bukar na Gwange, akawun da ke zaune kusa da tagar nan da ba ta rufuwa. Na faɗi wurin zamana ne domin tun da ido ya fara ba ka wahala, da murya kake gane mu, ni kuwa an daɗe ba ka ji tawa ba.

Na liƙa wannan wasiƙa a allon sanarwa, inda masinja da direba da mai gadi duk za su gani, ba don rashin kunya ba. Na sha rubuta maka kukana in sa a tiren takardunka, shiru kake ji. Duk takardar da ta shiga tiren nan kuwa, ta bakin mutum guda take isa kunnenka, wato Ishaya, kuma a kan Ishayan nake kuka. Ban ce ya tsallake wani layi ba, Allah Ya gani ban sani ba. Amma yanzu da kowa ya karanta, ba wanda zai iya tsallakewa. Da Hausa na rubuta kuma da gangan, don in na yi da Turanci, kuskuren rubutuna za a tsaya nema a manta da abin da ke cina.

Ga abin da ke gabana. Jarrabawar zama babban akawu sau uku ake yarda mutum ya zauna mata. Na zauna sau biyu. Lissafi na ci, dokokin aiki na ci, tsarin ajiyar kaya kuwa ko daga barci aka tashe ni zan amsa. Takarda guda ce ke kayar da ni, wadda ake ba ka labari da Turanci ka karanta, a yi maka tambayoyi a kansa. Bayan damina zan yi zama na ƙarshe. In na sake faɗuwa, a tebur ɗin nan zan tsufa, kuma wanda na koya wa aiki shi zai riƙa sa hannu a takardar hutuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kishi nake yi, kishi mai hana cin tuwo. Amma ina roƙo ka ji daga ina ya taso kafin ka yanke mini hukunci.

1. Ka fi kowa sanin al'adar ofishin nan game da jarida, tun da a hannunka ta ƙara ƙarfi. Jaridar Turanci guda ɗaya ake kawo mana daga Kudu, wani lokaci ta kwana a hanya. Kai za ka fara karantawa, sannan ta fito ta bi tebur-tebur, wanda ya riga shiga aiki ya riga karɓa. Na ƙarshe ya kai ta kabad ɗin baya, inda kowa ke da ikon ɗauka ya je da ita gida ya dawo da ita. Ba mu da ɗakin karatu, littattafan shirin jarrabawa kuwa ko ka zagaye Kasuwar Litinin ba lalle ka samu ba. Jaridar nan ita ce makarantarmu. A zaman jarrabawata na farko lokaci ne ya ƙure mini, don a hankali nake karatu, sai na ɗaura aniyar kullum in karanta shafi guda in ga yadda saurina ke ƙaruwa. Yana ƙaruwa kuwa.

2. Sai ciwon idonka ya zo, likita ya hana ka ƙananan rubutu, ka nemi wanda zai riƙa karanta maka. Ranar da ka nema, ina tashar jirgin ƙasa ina karɓar kayan ofis cikin rana, bisa umarninka. Ishaya ne ka tarar a bakin ƙofa yana fiƙe fensir. Shi ke nan fa. Ba a duba wanda ya riga shiga aiki ba, ba a tambayi wa ke da jarrabawa a gabansa ba. Na dawo jiƙe da gumi na iske an riga an sa masa kujera a ofishinka.

3. Da karatu kawai yake yi maka, da ban ɗaga murya ba. Amma ranka ya daɗe, kai tsohon malamin makaranta ne, hali kuwa zanen dutse. Bangon da ke tsakaninmu na katako ne, ina jin komai. In ya karanta sakin layi, sai ka tsayar da shi ka tambaye shi abin da marubucin ke nufi. In ya amsa da abin da ba ya cikin rubutun, ka sa shi ya koma ya nuna maka layin da ya faɗi haka. In kalma ta gagare shi, ka hana shi buɗe ƙamus, ka ce ya dubi maƙwabtanta na gaba da na baya su faɗa masa. Ka sa shi ya ja jan layi a ƙarƙashin maganar da ta fi kowace nauyi. Wannan ai ba karanta jarida ba ne, darasi ne irin wanda ko da kuɗi ba a samunsa a garin nan, ga kuma shayi da madara. Ni ina waje ina buga tafireta a hankali don in tsinci abin da ya faɗo ta bango. Har babban akawunmu mai barin gado ya taɓa tambayata ko yatsuna ne ke ciwo.

Ishaya fa ni na karɓe shi ranar da ya zo daga ƙasar Biu da akwatin kwano. Ni na nuna masa yadda ake jera fayil, ni na samo masa ɗaki a layinmu. Shinkafar Kirsimetinsa a gidana ake fara sauke ta, naman layyata kuma cinya ake kai masa. Bara, a zamana na biyu, muka shiga ɗakin jarrabawa tare, benci ɗaya. Ya ci a zama guda, na faɗi. Na miƙa masa hannu na yi masa murna, amma murnar a baki ta tsaya.

4. Tun da aka sa kujerar nan, jarida ba ta sake fitowa tebur-tebur ba. In kun gama, sai ka ce ya tafi da ita ya sake dubawa, ya naɗe ta ya sa a bayan keke. Kabad ɗin baya yanzu gizo-gizo ne ke aiki a ciki. Albashina da yara huɗu ba zai ɗauki sayen jarida kullum ba, sai na koma wurin mai tsiren bakin layinmu, wanda ke naɗe nama da tsofaffin jaridu. Da yamma in je in yi masa wushe, wato sannu irin ta Barebari, in roƙi 'yan yagaggun da bai taɓa ba, in babu kuma in tsinci waɗanda aka ci aka yar, in goge man da ƙuli. Falmata, mai ɗakina, har guga take yi musu da dutsen gawayi don su miƙe, ɗakinmu ya yi ta warin yaji.

To, mai tsire ba ya yaga takarda don mai karatu, daidai girman nama yake yagawa. Sai ka samu labari ba kai, ko ga kai ba ƙafa. Minista ya tashi zai yi magana, takarda ta ƙare. An kama wani a kotu, ba ka san me ya yi ba. Na yi wata da watanni ina karanta rabi ina cika rabi da kaina, har na gwanance, ina jin daɗin kaina ina cewa fahimta ce ta zo. Ashe rami nake haƙa wa kaina.

A zama na biyu an ba mu labarin wani ƙauye da mutanensa suka watse, aka tambayi dalili. Rubutun cewa ya yi rijiyarsu ce ta ƙafe, iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuwa da na saba ba a ba ni labari cikakke, sai na ga ai ba a barin gari don rijiya kawai. Na kawo haraji, na kawo rigima da mai gari, na kawo fari, na cika shafi har na juya baya. Haka na yi wa sauran tambayoyin. Na fito ina taƙama. Da sakamako ya fito na kai kukana wurin wani tsohon malami a unguwarmu, na zayyana masa amsoshina, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba a tambaye ni abin da na sani game da ƙauye ba, abin da ke kan takarda aka tambaye ni. Maganar da kake faɗa wa Ishaya kullum safiya ke nan a kan shayi. Ni sai da na zubar da zama guda cikin ukuna kafin wani ya faɗa mini ita.

5. Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ran Asabar ɗin da ta wuce, bayan la'asar, ina tsaye wurin mai tsire, sai ga Ishaya da ɗaurin jaridu a bayan keke, an ɗaure da igiya. Ya sauke, mai tsire ya naɗe masa tsinke biyu, suka yi dariya irin ta waɗanda suka saba. Ya gan ni, ya gaishe ni da fara'a, har ya miƙo mini tsinke guda. Ranka ya daɗe, ashe duk watannin nan jaridar ofishinmu nake tsinta a ƙasa. Wadda nake da haƙƙin karantawa kafin shi, ita ce ke zagayawa ta gidansa, ta bi ta hannun mai tsire, ta iso gare ni a yage da mai a jiki. Ban karɓi tsinken ba. Na ce azumi nake, alhali ya ga ina tauna goro.

Ban ce ya yi da mugunta ba. Ya gama da jarrabawa, jarida ta zama masa tarkace, bai kuma taɓa tunanin tambayata ba. Wallahi wannan ya fi ƙona mini rai, da ma da gayya ya yi. Ni ma girman kai ya hana ni roƙonsa, don ba na iya miƙa hannu ga wanda na koya wa riƙe fayil in ce ya sammini abin da yake nawa ne tun asali. Na san za a ce hassada ga mai rabo taki ce. Na yarda, rabonsa ne, ya ci, Allah Ya sa masa albarka. Ba nasa nake so a karɓe ba, nawa nake nema kafin lokaci ya wuce. Kirsimetin da ta wuce da aka kawo shinkafa, yara suka ci, ni na kasa kai loma baki, kuma ba na son in zama irin wannan mutumin.

Saboda haka ina roƙon abu uku, ranka ya daɗe.

A dawo da jarida bisa al'adarta, ta bi tebur-tebur ta kwana a kabad, cikakkiya, da kanta da ƙafarta.

Kujerar karatun nan a mai da ita ta karɓa-karɓa, a fara da wanda jarrabawa ke gabansa. Ishaya ya riga ya haye, mai ƙoshi ne ake ta ƙara wa tuwo. Muryata ba ta kai tasa daɗi ba, kuma zan yi tuntuɓe, amma ba na buƙatar shayin. Tambayoyin nake so.

In kuma ka fi sabawa da muryarsa, ba ka son canji, to a bar ƙofa a buɗe, a yarda in jawo kujerata bakin ƙofar in riƙa bin karatun, daga nan zuwa ƙarshen damina kawai.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya mayar maka da ganinka garau har ka karanta jaridarka da kanka. Allah Ya sa ka gama aiki lafiya, Ya raya maka zuriya, Ya saka maka da alherin koyarwar da kake yi, ko da ba ni ta samu ba.

Na san an ciro wannan takarda daga allo an kawo maka, na kuma san wanda ke tsaye yana karanta maka ita yanzu. Ishaya, ɗan'uwana, sannu da ƙoƙari, ka kusa kai ƙarshe. In ka sauke, Shugaba zai tambaye ka abin da marubucin ke nufi, kamar yadda ya saba. Kada ka ƙara, kada ka rage, ka faɗa masa abin da ke kan takarda. Kai ne ka ci wannan jarrabawa a zama guda.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Bukar Akawu, Gwange.