Ƙwaryarka a Bakin Kogin Copper

Zuwa ga mahaifina, Baba Yohanna,

Gaisuwa mai yawa da ladabi daga 'yarka Saratu. Shekaru sun ja tun da muka kwantar da kai a Bukuru, amma yau ina da labarin da kai ya kamata ka fara ji.

Jikarka Rahila, wadda ba ka gani ba, ta gama karatun ƙasa da duwatsu. An ba ta aiki a Alaska, can ƙuryar arewacin ƙasar nan da muke zaune, ta riƙa auna ruwan da ke gangarowa daga tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai. Ta ce ba za ta karɓa ba sai na sa mata albarka. Ni kuwa na kafe. Ita kaɗai gare ni, Baba, kuma na san abin da haƙar kuza ta yi wa ƙirjinka. Wata biyu muna gida ɗaya a Highbridge, unguwarmu a New York, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Daga ƙarshe ta ce in ɗauki hutu daga asibiti in je in gani da idona. Na bi ta, amma hujjar hana ta na je nema.

Kogin Copper suke kiransa, wato kogin jan ƙarfe. Baba, da ka gan shi da ka cire hularka. Ba ya bin hanya ɗaya kamar rafukanmu. Yana rarrabuwa a kan tsakuwa kamar kitson da aka fara tsefewa, ya haɗe, ya sake rabuwa, har ya kai teku. Duwatsun da ke kewaye da shi farare ne fat da ƙanƙara ko da a tsakiyar lokacin zafinsu.

Ina ganin ruwan, sai raina ya ɓaci. Launin toka ne, mai kauri. Ka tuna yadda kake duban rafi da safe ka ce, "Ruwa ya gurɓace, mutanen sama sun riga mu fita"? To, haka na juya wa Rahila da faɗa, na ce ta yi mini ƙarya, ta ce an rufe ramukan tuntuni, ga shi ana wankin ma'adinai a sama. Yarinyar nan ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe babu kowa a sama. Ƙanƙara ce jibge tsakanin duwatsu tun kafin kakanninmu, tana jan ciki a hankali, tana niƙa dutse ya zama gari, narkewarta kuma ita ce kogin. Na ji kunya, na kuma ji mamakin aikin Ubangiji.

A cikin wannan ruwan mai duhu kifaye ke hawowa daga teku, suna kokawa da igiyar ruwa, don su yi ƙwai a inda aka ƙyanƙyashe su. Mikiya mai farin kai tana jiransu a kan itace. Na ga beyar, Baba! Wadda kake karanta mana a labarin Dauda. Tana tsaye a tsallake tana kamun kifinta, ko kallo ba mu ishe ta ba. Ni dai na riƙe hannun jikarka gam.

Ta kai ni wani reshen kogin, inda tsohon garin masu haƙa yake. Gidajen katako ja, manne a jikin dutse, ba kowa ciki. Ta ce mutanen ƙasar sun san jan ƙarfen nan suna ƙira da shi tun kafin baƙi su zo da jirgin ƙasa, su kwashe, su tafi. Ban buƙaci bayani ba. Na san irin wannan shirun daga barikin da muka taso.

A bakin wani rafi ta fito da faranti, ta ɗebi yashi za ta nuna mini aikinta. Hannunta ya yi tauri, tana zubar da mai nauyin tare da marar amfani. Ban san lokacin da na karɓe ba. Na durƙusa, na karkata shi yadda kake karkata ƙwaryarka, na ji muryarka: "Bar ruwa ya yi aikin, ke dai juya." Baƙin yashi ya kwanta a gindi, tas. Rahila ta tsaya baki buɗe, ta ce, "Mama, ina kika koyi wannan?"

Ka yafe mini, Baba. Ban taɓa gaya mata cewa kai mai wankin kuza ba ne. Ma'aikacin kamfani nake cewa, har a coci. A bakin rafin nan, yatsuna suna zafi don sanyi, na faɗa mata komai: ƙafafunka da suka tsage, tarin da ya hana ka kwanciya, da yadda Turawan da ke da digiri suke kiranka in sun rasa inda kuza ta bi. Ta yi kuka, ta ce me ya sa na hana ta kakanta.

Mun dawo New York. Jiya bayan sujada na sa ta durƙusa a falo, na ɗora hannu a kanta, na ce ta je. Tsoron bai bar ni ba, kuma gidan nan zai yi mini girma. Amma na riga na hana ta kai kakanta, ba zan ƙara da hana ta kogin ba.

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa. Ya tsare mini Rahila a ruwa da tudu, ya sa hannunta ya yi laushi kamar naka. Amin.

Ni ce 'yarka,
Saratu, 'yar mai wankin kuza