Duane da Ruwan Kulorin

Willmar, Afrilu

Zuwa ga yayata Gwen,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya gwiwar taki?

Ni dai raina a ɓace yake. Kin san ƙwan talotalon da na zuba a injin ƙyanƙyasa, irin da Mama ta bar mana? Ko ɗaya bai fashe ba. Da na fasa na duba, 'yan tsakin sun cika halitta, amma sun bushe, ɓawo ya manne musu. Na'urar auna danshi kuwa tana ta nuna mini komai daidai. Na yi wa kamfanin da ya ƙera ta waya, wani yaro ya dage wai na'urarsu ba ta ƙarya. Saura kaɗan in aika masa da ruɓaɓɓen ƙwai ya shinshina.

Ga shi dila ya kashe mana matan talotalo biyu, saura tsohuwa ɗaya mai yin ƙwai. In ta daina, irin Mama ya ƙare ke nan.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Marlys

Willmar, Mayu

Yaya Gwen,

Bayan gaisuwa, na ji daɗi da kika fara takawa ba sanda.

Na kama mai laifi, kuma gado ɗaya muke kwana! Tun da maigidana Duane ya yi ritaya ya rasa abin yi, sai tsafta. Shiga na yi na same shi yana fesa wa na'urar ruwan kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, har yana goge mata hanci da tsumma. Ashe duk mako haka yake yi. 'Yar fatar da ke jin danshi a ciki ba ta jure wannan magani, ya cinye ta, shi ya sa ta tsaya a lamba ɗaya. Da na yi masa faɗa, wai shi taimakona yake yi. Gwen, mutumin da bai taɓa wanke kofinsa ba!

Na sayo wata mai rufi, wadda magani ba ya ci, na kuma sa wa ɗakin kwado. Na sake zuba ƙwan tsohuwar nan, jiya 'yan tsaki shida suka fito. Ina ganinsu na tuna Mama, na zauna a kan bokiti na yi ta kuka.

Shi kuwa yana ta leƙe ta taga. Na bar shi ya shigo ya gani, amma sai da ya zuba hannuwansa a aljihu.

Taki har kullum,
Marlys