Ƙorafi Kan Raba Ni da Karena Bobcho

Daga: Lachezar Minkov,
Bene na 14, hawa na uku, Gabrovo.

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Kula da Haƙƙin Masu Nakasa.

Ranar 6 ga Mayu, 2024.

Game da: Korar karen da likitata ta ba ni shawarar riƙewa, da abin da aka sa na faɗa a bainar jama'a.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwar ɗaukar lokacinka. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba, wannan ma da nauyin baki nake rubuta ta.

Ni tsohon ma'aikacin kashe gobara ne. A shekarar 2019 rufin wata masaƙa ya rufto mini a bakin aiki, aka yanke ƙafata ta hagu. Wannan kowa yana gani. Abin da na ɓoye shi ne firgitar da ta biyo baya: da na ji ƙaurin hayaƙi, ko da na burodin da ya ƙone ne, sai jikina ya ɗauki rawa, numfashina ya sarƙe. Likitata ce ta ce in riƙe kare. Bobcho ɗan ƙarami ne, ba ya haushi. In abin ya taso, yakan hau ƙirjina ya kwanta har ya lafa. Saboda shi nake sauka ƙasa kullum.

Ga ƙorafina:

1. A ranar 11 ga Maris, mai gidan da nake haya, Madam Rumyana Gocheva, ta ce yarjejeniyarmu ta hana dabba. Na miƙa mata takardar likita, ta ƙi ko dubawa. Ta ce gurgu sanda yake buƙata, ba kare ba.

2. A ranar 23 ga Maris ta tara 'yan haya a ƙofar bene, ta ce in bayyana amfanin karen da bakina. Ranka ya daɗe, na faɗa. A gaban mutanen da suke kirana jarumi, na faɗi yadda nake rawar jiki, har da ranar da fitsari ya kufce mini a kan matakala. Na zaci in na tona kaina za a bar mini shi. Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya dube ni. Dattijo Stamen, wanda muke shan kofi tare, ƙasa ya yi ta kallo.

3. Duk da haka ta ce in zaɓa: ko kare ko ɗaki. Na zaɓi ɗaki, domin mai ƙafa ɗaya bai san inda zai nufa da kaya ba. Ƙanwata ta zo ta tafi da Bobcho ƙauye. Ban iya raka su ko bakin ƙofa ba. Ta ce mini har yanzu ba ya cin abinci sosai.

4. Tun daga ranar, in Madam Gocheva ta hango ni ta taga takan ɗaga murya ta ce, "Jarumi, ya kewar mai reno?" Ni kuma sai in yi murmushi. Murmushin nan ya fi maganarta ci mini rai.

A iya fahimtata, doka ba ta yarda a tauye wa mai nakasa muhalli saboda larurarsa ba. Don haka ina roƙo, cikin ladabi, a binciki lamarin, a ba ni izini a rubuce in dawo da karena, a kuma hana a tashe ni saboda wannan ƙorafi. Ba na neman a hukunta kowa.

Idan ana buƙatar jin ta bakina, ina roƙon a turo wani ya same ni a gida. Tun tafiyar Bobcho ban iya sauka daga benen ba. Wanda zai zo ya yi haƙuri da yadda zai tarar da ɗakin.

Na gode da kulawarka. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Lachezar Minkov
(sa hannu)