Na Kai Surukina Kallon Fim

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Anti Rabi da yara? Ya ƙarfin jikin Inna? Mu nan Riyad lafiya lau, sai zafi.

Surukina, baban Hadiza, ya sauka wurinmu bayan umara. Ka san shi da son Faransanci. Ya ji za a nuna wani tsohon fim ɗin Faransa a Unguwar Jakadanci, wanda gwamnatin Faransa ta taɓa hanawa don ya soki yaƙinta, ya ce lalle in kai shi. Sai da muka zauna na gane labarin soja ne da budurwarsa. Yaya, ni da ko abinci ba na ci a gabansa! Da sun matso kusa da juna sai in hau kallon takalmina. Alhamdulillahi, ashe an yanke wuraren nan duka. Kafin su riƙe hannu an koma fagen daga.

A mota ina ta hamdala a zuci, sai ya ce, "Sun ɓata shi. Cikakkensa muka gani a Yamai, ni da surukarka."

Har gida idona na kan titi.

Ka gaida Inna, ta sa mu a addu'a. Wannan labarin kuma ya tsaya wurinka.

Ƙaninka,
Habibu