Abin da Ya Hana Ni Waiwayo

Zuwa gare ki Akpene, hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar kwakwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan daɗina a ƙasar da ko rijiya gishiri take bayarwa. Gaisuwar wanda kewa ta hana shi sakat, daga Senyo ɗan Dada Mawusi, mai ba da waƙa a wurin jan taru, wanda tun tafiyarki muryarsa ta ƙi tashi har abokai suna tambaya ko mura ce.

Na kira wayarki har na tsani matar nan mai cewa a sake gwadawa. Na tura saƙo, shiru. To ga takarda. Na ba Daavi Dzifa da za ta kai kifi kasuwar Akra, na ce kada ta miƙa wa kowa sai hannunki, kuma ta tsaya a kanki har ki karanta. Kin san halinta, in kin ƙi za ta zauna a ƙofar ɗakinki da kwandonta har wari ya sa maƙwabta su kore ku tare. Na ji cewa kafin watan nan ya mutu za ki ba mutanen ƙungiyarku amsa, ko ki karɓi aikin da suka yi miki tayi a birni, ko ki dawo ki ci gaba da aikin ƙaurar garinmu. In birnin ne ya fi miki, zan haɗiye, ko da zai tsaya mini a wuya. Amma in saboda abin da ya faru a tashar kwale-kwale ne za ki zaɓe shi, wallahi ban yarda ba, sai kin ji ta bakina.

Kin tuna zuwanku? Ku 'yan jami'a masu karatun zamantakewa, an turo ku horon sanin makamar aiki, ku taya ƙungiya shirya mayar da mu ƙetaren tafki tun teku bai gama cinye mu ba. Mun ga irinku da yawa, su zo su yi tambaya, su ɗauki hoton gidan da ya rushe, su koma, teku kuma ya ci gaba da abin da yake yi. Agbeko ɗan kawuna har ya tambaye ki ko kin zo ƙirga igiyar ruwa ne, in haka ne ki fara daga wadda ta tafi da ɗakin girkin uwarsa. Kika tuɓe takalmi kika kama igiyar taru a bayana. Ni kuwa don mugunta na juya waƙar ta koma kan wata baƙuwa mai hannun auduga, ke kuma kika dinga amshi da ƙarfi ba ki san ke ake yi wa ba. Da muka jawo tarun kika buɗe tafin hannunki duk ya saɓule, ban ƙara iya yi miki waƙar tsiya ba.

Abokan zuwanki sun zauna a inuwa da masu jiragen kamun kifi, don su ne ke da kujeru da Turanci. Ke kika tare a wurin matan da ke ƙyafe kifi, hayaƙi ya rina miki ido ja wur, kina tari kina tambaya. A can kika gano cewa gidajen sabon wuri an raba su ne da sunan masu jirgi, zawarawa da masu banda sai dai su raɓe a bayan wani, kuma babu inda aka bar musu na murhu. Kika tsaya kai da fata har aka sake rabo. Na so ki tun lokacin, amma ban san na mutu ba sai ranar taron da aka kira saboda Dada.

Uwata ta ce ba ta zuwa ko'ina ta bar mijinta kwance a kabari a bakin ruwa, in teku na son gidan ya zo ya same ta a ciki. Tsofaffi da yawa suka bi bayanta. Manyanku suka ce a tsarinsu babu fili na matattu, rayayyu ma da ƙyar. Ke ce ƙarama a wurin, ba wanda ya ba ki izinin magana, amma kika miƙe. Kika ce, "Mutanen nan ba tashi suka ƙi ba. Iyayensu suka ƙi bari." Kai, Akpene! Wace irin zuciya aka saka a wannan ɗan jikin naki? Daga wane sama aka sauko mini da ke? Ba ki bar mutanen nan sun huta ba sai da aka yanka mana maƙabarta a kan tudu, Dada kuma ta fara ɗaure kayanta tana cewa ai dama ita ba ta taɓa ƙi ba.

Kafin ki tafi garin Keta miƙa rahotonki kin faɗa mini maganar aikin birni, kika tambaye ni me na gani. Ni da bakin nan nawa da ba ya zama lafiya na ce ai baƙo da jakarsa yake kwana. Kika ce in kin dawo za ki sake tambayata, kuma daga ita ba wata. Na ƙudura a raina cewa amsar tana nan a shirye, har na yi ta maimaita ta a bakin ruwa kamar mai koyon waƙa.

To ga abin da ba ki sani ba. Safiyar da kika dawo, teku ya fasa ta gefen tsohuwar maƙabarta. Kafin rana ta ɗaga ya kwashe kwakwar da ke bakin layi, ya fara zaizaye kaburbura, muna tsaye muna ganin duwatsun kai suna karkata. An shirya kwashe matattunmu ne bayan kakar kifi, da ganguna da fararen kaya, Togbi Adzaho kuma, dattijon da ke riƙe da al'adar gidanmu, ya ce miki zai yi miki bayani in lokaci ya yi, don ba a maganar abin nan kafin ranarsa. Rannan ya dubi ruwa ya dube ni ya ce, "Ɗauko ubanka yanzu." Babban ɗa ne ke ɗebo ƙasa daga wajen kan kabari a ƙwarya, ya kira sunan mamacin, ya ce masa ya tashi ya biyo shi. Daga wannan kalma ba ya magana, ba ya tsayawa, ba ya waiwaye, har sai ya sauke ƙwaryar a sabon makwanci. In ya waiwaya, mamacin ya koma inda ya fito, kuma ba a kiran mutum sau biyu. Inda babana ya fito kuwa, kafin in kai bayan gari ruwa ne a wurin.

Haka na taho, da rigar aiki jiƙe, ƙwarya naɗe a tsumma a ƙirjina kamar mai kai wa wani abinci. Dada da Togbi suna can baya nesa, ƙafafunsu ba su iya tafiyata, ni kuma ba halin in jira. Gari duk yana bakin teku ana ceto kaya. Hanyar mashigin da ake ratsa tafki da ƙafa ta tashar kwale-kwale ta bi, kuma a nan na hango ki, da jakarki da shuɗiyar rigar nan. Na rantse miki saura kaɗan in tsaya. Kika yi murmushi, kika taho, kika ce, "Senyo, ga ni. In tafi ko in zauna?"

Na wuce ki. Na wuce ki kamar ban taɓa ganinki ba, idona a gaba, haƙorana a datse har na ji jini a bakina. Kika sake kirana, kika bi ni har ruwa ya taɓa ƙafarki, na ji muryarki ta canza, ta karye a tsakiyar sunana. Ina cikin tafki ruwa a gwiwa na ji an tayar da injin jirgin da ya kawo ki. Na san kukan injin nan, na san inda ya nufa. Ubana a ƙirjina, ke a bayana, wuyana kamar a juya shi da hannu. Me zan yi, masoyiyata? In jefa wanda ya haife ni a ruwa bayan ke da kanki kin samo masa wurin kwanciya? Na yi ta tafiya ina kuka ba sauti, don ban sani ba ko kukan ma magana ne. Da na sauke ƙwaryar a kan tudu na juyo da gudu, jirgin ya riga ya sha kwana.

Dada ta iso tana haki, aka rufe ƙasar, aka zuba wa mamacin abin sha a kai. Da ta ji labari sai ta hau ni da faɗa, wai yarinyar da ta samo wa ubana ɗaki na bari ta tafi, wai ni da kifi ba ta san wanda ya fi wani wayo ba. Na ce mata ai ta fi kowa sanin ba halin in buɗe baki. Ta ce ta sani, amma bakin ai a buɗe yake tun kafin ranar. Tun daga nan tuwon akple ɗin da take tuƙa mini guda-guda ne, kuma da gangan take yi.

Ni ma ina da fushina, ba zan ɓoye ba. Ke da kika shafe watanni kina bin kowa da me ya sa, me ya sa, har tsohuwar da ba ta ji sai kin ji dalilinta, ni kaɗai ne ban cancanci a tambaye ni dalili ba? Kin ga mutum yana tafiya kamar wanda aka ɗaure wa wuya, hawaye a fuskarsa, sai ki ce wulaƙanci ne? Haba, Akpene. Amma fushin ba ya kwana. Da na tuna yadda sunana ya karye a bakinki sai ya narke, ya bar ni da son da ya fi ƙarfin haƙarƙarina. Ina sonki, tauraruwar asubata. Ina sonki da taurin kanki da hannunki mai tabon igiya. Ki zauna. Amsar ke nan da ke bakina tun kafin ki hau jirgin Keta. Ki zauna, don matan banda da har yanzu suke tambaya wa zai tsaya musu in an zo raba wurin murhu, amma ba zan yi miki ƙarya ba, ni don kaina nake roƙo.

Sabon wata ya kusa, ruwa zai sake tasowa, kuma kakata, uwar babana, tana nan a layin da ya rage. Ɗanta na fari, wato babana, ya riga ta komawa tudu, don haka ɗaukarta ta faɗo kaina. Togbi ya sa ranar Asabar mai zuwa da hantsi. Wannan karon za a yi yadda ya kamata, 'yan gida za su jeru a bayan mai ƙwarya, kuma 'yan gida kaɗai, bare ba ya taka sawun mamaci. Na je gaban Togbi, a gaban dattawa da Agbeko da duk mai kunne, na ce a bar miki wuri. Ya tambaye ni a matsayin wa. Na ce a matsayin matar da zan aura, in ta yarda. Ya ce wurin mata yana bayan miji, gaban uwa, kuma in an bar shi ba a cike shi da wani.

Don haka ranar Asabar Dada za ta ja baya ta bar tazarar mutum ɗaya tsakanina da ita. In kin zo, kada ki kira ni, kada ki tambaye ni komai, ki shiga wurin kawai ki biyo ni. In ba ki zo ba, gari duka zai ga gurbin tun daga maƙabarta har tudu, ni kaɗai ne ba zan gani ba. Ba zan waiwaya ba, kin san yanzu ba zan iya ba. Zan ratsa tafkin nan ina sauraron ruwa a bayana, ina ƙoƙarin rarrabe tafiyarki da ta uwata, har in sauke kakata in juyo.

Duk abin da idona ya tarar, wurin naki ne, kuma muddin ina numfashi wata ba za ta tsaya a cikinsa ba.

Naki, a tsohon gari da sabo,
Senyo